Shekarar da na ƙi yanke ganyen masakwa

Tun da maigidana ya rasu ban ƙara cin tuwon masakwa ba tare da hawaye ba. Ba na ɓoyewa, 'ya'yana ma sun gaji da rarrashi. Yawanci abin da ke faɗo mini shi ne kuskuren da na yi a gonarmu ta garin Pitowa, lokacin na ɗan haura shekara arba'in, da yara biyar a gabana.

Ni 'yar unguwar Jambutu ce, a cikin birnin Garuwa na tashi, sana'ata suyar ƙosai. Maigidana shi ne manomi. Auduga ta sayarwa ce, abincin gida kuwa daga karal yake fitowa, wato ƙasar laka da ake dasa masakwa a kanta bayan damina ta wuce. Masakwa dawa ce da ba ta ganin ruwan sama ko ɗigo, da laimar da ƙasa ta riƙe take rayuwa.

Ana saura kwana uku a fara dashe, ya faɗo daga babur ya karye a ƙafa. Iri ya riga ya isa cira, ba ya jiran kowa. Na ce ni zan yi. Yana kwance a zaure, mai ɗori ya ɗaure ƙafar da kara, ya dinga jero mini yadda ake yi: a huda rami da sanda mai bakin ƙarfe, a zuba ruwa, a sa iri biyu, kada a rufe ramin.

Ya ce, "Kuma ki yanke kan ganyen, uwar yara. Rabi za ki cire."

Na ce to. Amma da na tuge irin na ga ganyen kore shar, sai hannuna ya ƙi. A raina na ce maza dai da son wuƙa. Ni da na yi renon yara biyar, ban taɓa ganin abin da ya yi ƙarfi don an rage shi ba. Haka na dasa su da ganyensu, ni da manyan 'ya'yana mata biyu, kwana huɗu muna jidar ruwa daga kududdufi.

Da na koma dubawa, duk sun kwanta sun yi fari. Maƙwabciyar gonarmu, wata Kirista daga mutanen dutse, tana tsaye a kan iyaka ta riƙe haɓa.

Ta ce, "Ƙawa, wane maƙiyi ya yi miki wannan aiki?"

Na ce, "Ni ce maƙiyin."

Ta ce, "Ganyen ya zuƙe ruwan ramin ya miƙa wa rana. Saiwa ba ta kama ƙasa ba kin ɗora mata kayan babba."

A nan na zauna na yi kuka, don abincinmu na shekara ne a kwance.

Da na faɗa wa maigidana, ya ce sai ya gani da idonsa. A amalanke muka turo shi, ƙafar tana miƙe, mutane suna ta yi masa sannu. Ya daɗe yana kallon gonar. Ina jiran faɗa.

Ya ce, "Tausayinsu kika ji?"

Na ce e.

Ya ce, "Ni ma shekara ashirin ina jin tausayinsu, ina yankewa. Miƙo wuƙar."

Maƙwabciyar ta ba mu ragowar irinta. Yana zaune a amalanke cikin rana yana yanke ganye, ni ina huda rami ina dasawa. Ƙasa ta fara tsagewa, sanda ba ta shiga sai da ƙyar, saboda haka kashi ɗaya cikin uku kawai muka iya mayarwa.

Har Allah ya karɓi ransa bai taɓa goranta mini ba, ko a cikin wasa. Wannan ne ke sa ni kuka yanzu. Da ya yi faɗan, da na rama, da tuni na manta.

Hatsin da muka girbe ya kai mu har ruwan farko. Daga nan na ƙara kwaɓin ƙosai, ina kaiwa kasuwar Lahadi, ina dawowa da masara a ɗankwali. Yaran sun yi ta ƙorafin tuwon masara, amma babu wanda ya kwana da yunwa har sabon gero ya shigo.