Sa Mai Tsaga Biyu a Kunne

Ni dillalin shanu ne, ɗan dillali, kuma a kara na yi furfura. Abin da mahaifina ya fara koya mini ba ciniki ba ne, riƙon baƙo ne. Duk makiyayin da ya kawo dabba ya ɗaure a turkenka ya zama baƙonka. Ruwan shansa a kanka yake, tabarmarsa a kanka, idan wani ya zage shi kai aka zaga. Yaran yanzu gani suke dillali baki ne kawai da la'ada, kuma na gaji da yi musu bayani.

Makon da aka kai dattijon garinmu makwanci, wanda ya taɓa riƙe ƙasar nan baki ɗaya, babu wata hira a rumfunan kara sai tasa. Kowa ya zama malamin halinsa. Wannan ya ce mutumin ba ya cin na jama'a, wancan ya ce a zamaninsa 'yarsa ta fara samun abincin rana a makaranta, mai furar da ke bayan rumfata ta ce da tallafin da aka raba wa tsofaffin mata ta ja jari. Duk na yarda. Matata ma tana cikin masu dafa wa 'yan makarantar, kuma da idona na ga yaran da shinkafa da wake ta kai aji bayan bulala ta kasa. Amma ba zan yi ƙarya don mutum ya rasu ba, na sha yi masa ƙorafi yana raye. Lokacin da aka rufe iyaka, shanun da ke shigo mana ta Kongolam suka ɗauke, na yi ta faɗa har maƙwabta suka haddace muryata. Nawarsa kuwa ta sha ƙona mini rai, don ni mutum ne mai son a yi ta ta ƙare.

Sau ɗaya tak na gan shi kusa da kusa, tun ba ya kan mulki. Na kai harawa garkensa da ke bayan gari, sai na tarar da shi a tsaye, wani tsohon makiyayi yana yi masa bayanin saniyar da ke ɗingishi. Wanda ya san Bafulatani ya san ba ya fara magana daga tsakiya. Tsohon ya ɗauko ta tun daga uwar saniyar, da rijiyar da ta sha ruwa bara, da ƙayar da ta taka. Mutanen da suka rako dattijon sai sauya ƙafa suke, wani yana leƙen agogo. Shi kuwa ya goya hannuwa a baya, ya sunkuyar da dogon wuyan nan nasa, bai ce uffan ba har tsohon ya kai aya. Ban ji amsar da ya ba shi ba, ina can ina sauke kaya. Dariya ma na yi a raina, na ce wannan in dillali ne da yunwa ta kashe iyalinsa. Ban san cewa a duk halinsa wannan ne zai zauna mini ba.

Ina da wani baƙo da na gada daga mahaifina, wani tsohon Bafulatani da ke zaune a ruga ta wajen iyaka. Baffa ake ce masa. Siriri ne, haƙoransa na gaba sun zube, kuma bai taɓa zuwa gidana hannu wofi ba, ko da ɗan ƙoƙon man shanu ne sai ya riƙo wa matata. Idan ya fara gaisuwa sai ka nemi wurin zama, don har jakina sai ya tambayi lafiyarsa.

Ranar kasuwar da ta biyo bayan jana'izar ya zo da hantsi, yana jan wani jan sa mai ƙiba, da tsaga biyu a kunnen hagu. Na san shaidar garken Baffa, ba ita ce wannan ba. Na ɗaure san a turkena, na shimfiɗa masa tabarma, na sa aka dama masa fura, sannan na ce, “Baffa, wannan kuma na wane ne?”

Ya kurɓi fura, ya share baki, ya ce, “Maigida, zancen da tsawo. Ka tuna shekarar nan da damina ta yi gardama, har muka gangara da shanu ta wajen Mashi? To, a can akwai wani mutumin kirki, manomi, da ya bar mu muka sauka a gonarsa...”

Iyakar inda ya kai ke nan.

Kafin wannan rana, ɓarayin daji sun faɗa wa wani ƙauye a can wajen Mashi. Sun kashe magidanta, sun kore shanun garin kaf. Tun daga nan samarin ƙauyen suke bin kasuwanni a kan babura suna duba kunnuwan dabbobi, don kowane gida da irin tsagarsa. Ba na ganin laifinsu a kan wannan, ni ma da ubana aka kashe da na bi.

Wani saurayi ne a cikinsu ya tsaya a turkena. Ya kama kunnen san ya murɗa, ya duba. Ya kwarma ihu, “Ku zo! Tsagar gidanmu ce! Wallahi san babana ne!”

Na miƙe na ce, “Samari, sannu. Zauna mu ji. Mai shi ga shi nan, yanzu yake ba ni labari.”

“Labarin me? Ɓarawo ne! Su ne masu kai wa 'yan daji rahoto, su ne masu sayar musu da na sata!”

Baffa ya ajiye ƙwarya a hankali ya tashi. Ya dubi yaron da kyau, har fuskarsa ta saki kamar mai shirin murmushi. Ya ce, “Yaro, kai ɗan gidan ne? Allah ya jiƙan mahaifinka. Ai shekarar nan da damina...”

Gorar da ke hannun saurayin ta sauka a bakinsa. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Baffa ya zube a kan tabarma, furar ta malale ta haɗu da jini.

Ban san kara tana da mutane haka ba sai ranar. Kafin in juya sun yi mana zobe, waɗanda suka san abin da ake ciki da waɗanda ihu kawai suka biyo. Wani ya tuge turken maƙwabcina ya ɗaga sama da hannu biyu. Duwatsu suka fara sauka. Wani mai sayar da igiya, wanda da safen nan muka gaisa yana matsar hawaye a kan rasuwar dattijo, na gan shi yana tattaka haƙarƙarin tsoho da takalmin roba. Baffa yana ta ɗaga hannu, ba don ya kare kansa ba, irin ɗagawar nan ta mai cewa a dakata bai gama ba. Duk ɗagawa sai an doke hannun, har ya daina ɗaguwa.

Na yi ihu har muryata ta dushe. Na ce baƙona ne, a turkena ya ɗaure. Na ce ku bar shi ya ƙarasa magana, in ɓarawo ne ni da hannuna zan miƙa shi ga hukuma. Ko kallona ba a yi ba. Sai na ga an mirgino taya, wani kuma ya durƙusa gefen babur yana zuƙo fetur a gora. A jikin tankin babur ɗin akwai hoton dattijon a manne, sabo fil, irin wanda aka yi ta sayarwa a makon. Wallahi wannan hoton ya fi fetur ɗin ba ni haushi.

Ban yi wani tunani ba, na faɗa a kan Baffa na rufe shi da jikina, babbar riga da komai. Turken nan da aka ɗaga a hannuna na dama ya sauka, na ji ƙashin ya ce ƙas. Sanduna suka yi ta sauka a gadon bayana. Fetur ya zubo mini a ƙeya, mai sanyi, ya gangara cikin kunnena. Ina jin numfashin tsoho a ƙirjina yana fita da kakari. Na rufe ido ina kalmar shahada ina jiran ashana.

Abin da ya hana a kyasta ta, wani ne ya ce, “Kai, Alhaji ne fa a ƙasa! Ɗan gari ne!” Ku ji fa. Ba don tsoho yana da rai ba, sai don ni an san gidanmu. Wannan ɗan tsaikon ne ya ba 'yan uwana dillalai da mahauta damar kutsowa da sandunansu, suka buɗe hanya da ƙarfin tsiya. Wani direban a-kori-kura ya danno motarsa da baya har bakin rumfa, aka jefa mu ciki ni da Baffa, inda ake loda awaki.

A bayan motar nan ya ƙarasa zancensa. Bakin ya fashe, kalmomin suna fita da kumfar jini, sai da na kara kunnena. Kuma bai ɗora daga inda aka katse shi ba, daga farko ya sake ɗaukowa, daga damina mai gardama. Raina ya ce in ce masa Baffa gajarta, ba mu da lokaci. Sai hoton dogon mutumin nan ya faɗo mini, hannuwa a baya, kai a sunkuye. Na kame bakina.

Manomin nan da ya sauke su a gonarsa, in ji Baffa, da za su tashi sai ya ba shi ɗan maraƙi kiwo, kamar yadda manoma ke ba makiyayin da suka yarda da shi. Ya riga ya yi masa tsagar gidansa. Ya ce a riƙe masa can nesa, saboda wata rana. Shi ya sa ɓarayi ba su same shi ba. Da Baffa ya ji an kashe mutumin an kuma kwashe dabbobinsa, sai ya ce ranar ce ta zo. Ya jawo san a ƙafa tun daga ruga don in sayar da daraja, ya kai wa matar da marayu abin da za su ci kafin kaka.

“Maigida,” ya ce, “kada ka sayar wa mahauta da arha. Na marayu ne.”

Na ce, “Na ji, Baffa. Akwai saura?”

Ya ce, “Shi ke nan.” Ba mu kai ƙofar asibiti da shi ba.

Na yi kuka a ranar irin wanda ban yi ba a jana'izar dattijo, kuma ba na jin kunyar faɗa. Har yau idan ana hirar alherinsa, ana lissafa abinci da tallafi da hanyoyi, nakan yi shiru. Waɗannan duk gwamnati ke yi, wata ta zo ta ci gaba ko ta watsar. Abin da ya bar mana wanda ba ya buƙatar ko sisi, mutum ya tsaya ya ji ɗan uwansa har ƙarshe, shi ne muka kasa ɗauka, alhali hotonsa yana manne a baburanmu.

Ban sayar da san ba. Da mai ɗori ya ɗaure mini hannu, na sa aka loda shi a mota na nufi ƙauyen, tun kafin hukuma ta gama tattara waɗanda za ta tattara. Aka nuna mini gidan. Matar tana cikin takaba, saboda haka daga bayan zana ta amsa sallamata. Amma da san ya yi kuka sai ta leƙo, ta ga kunnen, ta dafe ƙirji.

“Ikon Allah! Maraƙin da malam ya ba Baffa kiwo ne! Ya ce mini in ta yi tsanani a nemi Baffa, ba zai ci amana ba. Yaran nan ba su sani ba, babban yana Kano yana acaɓa lokacin.” Ta ɗaga murya ta kira ɗan nata, “Fito ka ga abin arziki!”

Ya fito daga zaure. Shi ne, wanda ya doki Baffa da gora. Ya dubi san, ya dubi hannuna da ke rataye a wuya, ya jingina da bango.

Uwar ba ta lura ba. Tana ta murna tana sa albarka, sai ta ce, “Alhaji, to shi Baffan me ya hana shi zuwa da kansa? Ko jikin ne? Da ya zo ko ruwa ya sha.”

Bakina ya cika da magana, kuma ni ba mai riƙe magana ba ne. Amma na haɗiye. Na nemi kututture na zauna, na ce, “Hajiya, ɗanki ya fi ni sani, shi zai gaya miki.” Na juya ga yaron na ce, “Fara daga farko. Ba mai katse ka, ina nan har ka gama.”