Kawu Illo da Fuskokin Jamusawa

Wendover, biyar da rabi na asuba

Mil shida ne daga gidanmu zuwa jami'a, amma Kawu Illo, wanda ya kawo mana ziyara daga Madawa, ya ce ba a fara tafiya da hantsi. Ni kuwa ranar Litinin zan miƙa rubutu a kan fuskokin da Jamusawa suka sassaƙa a katako, suka buga a takarda da baƙar tawada. Hotunan na rataye a gidan hotunan jami'armu, can za mu je mu gan su. Bara na faɗi wannan kwas. In na sake faɗi, babu digiri bana.

Bas ta zo shida da kwata. Direbar ta ce mana gud monin, Kawu ya tambaye ta gida da yara da gajiya, ya tsaya jiran amsa, layi ya taru a bayanmu.

Glenwood, bakwai da minti goma

Gidan hotunan sai goma ake buɗe shi. Muka zauna a benci muka ci biredi da dafaffen ƙwai, Kawu yana gaida duk ɗalibin da ya wuce a keke.

Gaban hotuna

Mai gadi ya karɓe sandar Kawu. Na kai shi gaban wata fuska mai dogon haɓa da idanu zuru-zuru, na ce littafinmu ya ce wannan kaɗaicin mutumin birni ne. Ya ce shi dai ciwon haƙori yake gani. Ta biyu kuwa, wai baƙo ne ya sauka a gidanta ya ƙi tafiya. Ya kalle ni, na kalli ƙasa.

Sai ya matsa dab da hoton har ƙararrawa ta yi kuka, mai gadi ya taso. Shekara arba'in Kawu yana sassaƙar turmi, bai ko waiwaya ba.

"Ɗana, bar fuskar, dubi sawun wuƙar. Nan masassaƙin ya danna har itacen ya tsage, kuma bai gyara ba. Gwani ba ya irin wannan kuskure, zuciyarsa ce ke tafasa. Goshin kuwa ya bar shi baƙi, don abin da ke ciki ba ya faɗuwa."

Na tsuguna nan na rubuta shafi uku.

Gida, biyu na rana

Muka iso lafiya, alhamdulillahi. Bayan wata guda sakamako ya fito, na ci. Malamar kwas ɗin ta kira ni ofis ta tambayi wane littafi na duba, tana son ta saya. Na ce mata littafin ya koma Madawa ranar Laraba.

Allah Ya saka wa Kawu da alheri.