Rijiyar Kawu Lawal

Duk wanda ya san Kawu Lawal, ƙanen mahaifiyata, ya san ba a miƙa masa ruwa a zauna lafiya. Sai ya kurɓa, ya kurkure baki, ya lumshe ido, sannan ya yanke hukunci a gaban maigida: "Akwai kanwa. Burtsatse ce ko? Allah ya sawwaƙe maka." A wajensa ruwa ɗaya ne a Katsina, na rijiyar gidansa a Ƙofar Marusa.

Ko suna aka gayyace shi, da gorarsa yake zuwa. A Ƙofar Kaura wani ya ba shi ruwan leda mai sanyi, ya juya shi ya ce, "Wannan bai san ƙasa ba, bai san guga ba. Ɗan gidan wa ne?"

Da ya dawo Hajji na tsokane shi: "Kawu, to ya Zamzam?"

"A'a, kar ka ja mani! Wannan ba a sa shi a gasa. Amma daga shi sai tawa."

To fa! Ana nan maƙwabta suka cika unguwa da burtsatse, rijiyar Kawu ta ja baya, ruwanta ya yi zartsi. Sabulu ya daina kumfa, wake ya ƙi dahuwa. 'Ya'yansa suka ce wallahi sai an cike ta, Kawu ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a bakinta.

"Baba, sabulu fa ba ya kumfa!"

"Sabulun zamani ne, duk algus."

"Waken fa?"

"Waken bana taurin kai gare shi."

Ya ja guga ya sha a gabanmu. Fuska ta yamutse, ido ya kawo ruwa, amma bawan Allah ya ce, "Kai, zuma!" Har ƙasa muka kai don dariya.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya riƙo hannuna ya ce, "Kai, ruwan ya ɓaci, harshena bai mutu ba. Amma Hajiya, Allah ya jiƙanta, ita ta fara jefa guga a rijiyar nan tana amarya. In na ji ƙarar gugan sai in ga kamar tana tsakar gida. Ka ce masu su bari in tafi tukuna."

Ba wanda ya sake zancen cikewa. Ranar da ya rasu, da ruwan rijiyar muka yi masa wanka, ni na ja gugan, ina kuka.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haɗa shi da Hajiyarsa, ya shayar da su ruwan Alkausara. Amin.