Sunan Direba a Jikin Ɓawon Itace

Injin da nake yanka da shi bai fi filo girma ba. Yayana ne ya sayo min shi, na ajiye a shagona kusa da bodar Jibiya. A waya nake zana abu, in manna yadin a farantin gam, wuƙar injin ta bi zanen. Yadin kuwa ɓawon itace ne da aka feƙe siriri aka liƙa a ƙyalle. Laushinsa kamar fata, amma in wuƙa ta dakushe sai ya marmashe. 'Yan kunne nake yi da maƙalar makulli.

Shekarar da hanyar Katsina ta lalace da 'yan bindiga, wani dattijon direba mutumin Maraɗi ya shigo. Gero yake ɗauka a babbar mota. Ya ce in yanka masa sunansa da garinsu da lambar matarsa, zai rataya a wuya. Abokinsa, in ji shi, an binne shi a daji ba wanda ya san ko wane ne.

"Ki yi mani manyan baƙaƙe, ɗiyata. Wanda za ya karanta ba ya tsayawa."

Na sa sabuwar wuƙa, na ɗaure gefen yadin da salatif, na tsince cikin haruffan da allura. Kafin sati ya zagayo direbobi sun yi layi. Ban taɓa ciniki haka ba, abinci kuma ya daina shiga min.

Da damina ƙanen dattijon ya zo da abin wuyan da na yanka wa yayansa a tafin hannunsa. Ruwa ya jiƙa shi, jini ya rina gefe ɗaya, amma lambar tana karantuwa. Manoma ne suka tsinci gawar dattijon wajen Daddara suka kira matarsa. Da haka aka kai shi gida aka yi masa sutura. Ya ce ta aiko shi ya yi min godiya. Na ce Allah ya jiƙansa.

Bai tashi ba. Shi zai karɓi motar, marigayin ya bar yara. Ya faɗa min sunansa harafi harafi, na kunna injin, muka zauna muna jin ƙararsa.