Hannun Alhaji a Cikin Ɗakin Tattabaru

Shekara talatin da bakwai ke nan da muka kai Malam Sule makwancinsa a Panshekara, kuma har yau ban taɓa faɗi a bainar jama'a abin da ya yi mini ba. Jikokina sun san shi a matsayin wani abokin kakansu da ake yi wa tsiya da sunan Mai Gashin Shila. Ba su san cewa sunan nan saboda ni ya ɗauke shi ba. Shi ya sa bana na ce bari in rubuta, tun da sauran numfashi.

Sunana Isufu, ni mutumin wajen Damagaram ne. Na shigo Kano lokacin da masana'antu ke ɗibar ma'aikata, na sami aiki a wani kamfanin jimar fata a Chalawa. Duk wanda ya yi aikin nan ya san warinsa ba ya fita. Ka yi wanka sau uku, ka shiga sahu, na kusa da kai sai ya ɗan matsa. Faratana sun rine, hannuwana sun yi baƙi-baƙi. Ni da matata Dije muka kama ɗaki a gidan hayar Alhaji Garba, gida mai ɗaki shida. Malam Sule shi ne a ɗakin da ke kallon namu. Fita ne, wato mai gyaran injuna, a wata masaƙa a Sharaɗa, yana kula da manyan fankokin da ke zuƙe zafi daga ɗakin saƙa, ran Lahadi kuma yana 'yar waldarsa a ƙofar gida. Ba abokina ba ne a lokacin. Mutum ne mai ƙarancin fara'a, gaisuwarsa kalma biyu ce, ta ukun sai ka roƙa.

Alhaji Garba yana son tattabaru kamar me. A da cikin tukwane yake kiwonsu, waɗanda aka dasa a jikin katanga. Da kasuwa ta buɗe masa sai ya ce tukwane na ƙauyawa ne, ya sa Malam Sule ya ƙera masa ɗakin zamani. Aka yanka durom-durom aka miƙar, aka yi gida mai hawa uku a kan bututun ƙarfe a tsakar gida, aka shafe shi da baƙin fenti don kada ya yi tsatsa, har da matakala a jikin bututun don Alhaji ya riƙa hawa yana leƙawa. Wallahi ya yi kyau. Baƙo bai isa ya zo gidan ya tafi ba a nuna masa ba.

Da bazara ta kama, sai 'yan shila suka fara mutuwa. A ƙyanƙyashe su lafiya, kwana uku huɗu a tarar da su a sanƙame. Manyan ma suka fara gudu, wasu in sun fita ba sa dawowa. To, mutanenmu suna da wata magana, wai tattabara tana tare wa mai gida jifa, in aka aiko masa da sammu ita take ɗauka ta mutu. Alhaji ya tsorata. Ya je wajen wani mai duba, aka ce masa mai abin yana cikin gidansa, daga arewa ya zo, kuma hannunsa ba irin na mutane ba ne. Haba! Ko makaho aka ba wannan kwatance ai ƙofata zai ƙwanƙwasa.

Matan gida suka daina aron turmin Dije. In ta shanya kaya a igiya sai a janye na kusa. Alhaji ya kira ni zaure ya ce in nemi wani wuri kafin ƙarshen wata. Dije tana da ciki wata bakwai da wani abu, ba mu da kowa a Kano, kuma labari ya riga ya zaga unguwa. Na je gida uku neman ɗaki, kowanne sai a kalli hannuna a ce an riga an kama. Na ji tsoro ƙwarai, na kuma ji haushi, har na yi tunanin in mayar da ita gida a bayan babbar mota da tsohon cikin nan.

Ranar wata Lahadi, bayan azahar, Malam Sule ya ajiye waldarsa ya hau matakalar. Na gan shi ya zura hannu a ɗaya daga cikin ramukan tattabarun. Ya sauko ya aika a kira Alhaji. Duk gidan aka fito.

Ya ce, “Alhaji, don Allah ku hau ku sa hannunku a ramin sama. Ku bar shi a ciki har ku karanta Fatiha.”

Alhaji ya tattare babbar riga ya hau. Bai kai rabin Fatiha ba ya zare hannun yana yarfewa, ya ce, “Subhanallahi! Ai wuta ce!”

Malam Sule ya ce, “To a cikinta suke yini. Ba Isufu ba ne yake kashe muku tattabaru, Alhaji. Ni ne. Ni na ƙera shi, ban bar masa mafitar iska ko ɗaya ba, na kuma shafa masa baƙi. Kullum aikina ke nan a kamfani, fitar da zafi, na zo gida na manta. Ku ba ni kwana arba'in, ƙyanƙyasa ɗaya. In suka mutu, ni da shi mu tashi tare.”

Ku da kuke karantawa yau ba lallai ku ga girman maganar ba. Mutum ne da unguwa ke kawo wa aiki saboda wannan ɗakin tattabarun, shi ne tallarsa. Babu wanda ya zarge shi, babu wanda zai taɓa zarginsa. Da ya yi shiru, da na kwashe kayana an wuce wurin.

Alhaji ya yarda, ba da son ransa ba. Malam Sule ya fara aiki, ni ina miƙa masa kaya in na taso. Ya huda ƙananan ramuka a jere a ƙarƙashin rufin kowane hawa, ya huda wasu a ƙasa, ya ce iska mai sanyi ta shiga ta nan, mai zafi ta fita ta can. Ramukan ba su wuce ɗan yatsa ba, don kada maciji ko ɓera ya samu hanya. Ya kankare baƙin fentin ya shafa fari. Ya ɗora rumfar zana a sama da tazarar taƙi guda, don rana ta daki zana ba kwano ba. Ya juya gidan gaba ɗaya, ƙofofin suka bar kallon yamma. A cikin kowane rami ya sa kaskon ƙasa da ɗan yashi. Sandunan da tattabarun ke sauka a kai na rodi ne, da rana ba sa takuwa, shi ya sa suke yini a katangar maƙwabta. Ya cire su ya sa na gora.

Saura gudun manyan. Ya ce zafi kaɗai ba zai kore su haka ba. Da yamma ya barbaɗa toka a gindin bututun, da safe muka tarar da sawun muzuru, ga shi nan rututu har kan matakala. Ya kalli matakalarsa ya yi tsaki, ya ɗauko zarto ya yanke ta tas. Ya samo wata fanteka daga cikin waɗanda kamfanonin Bompai ke zubarwa saboda sun sami tabo, ya huda tsakiyarta, ya kifa ta a jikin bututun kamar malafa. Alhaji ya yi ta mita, wai an mai da masa ɗakin zamani rumfar mai shayi.

Kwana arba'in ɗin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Kullum in na dawo sai na ɗaga kai na saurara. Aka yi ƙwai, aka kwanta, aka ƙyanƙyashe. Kwana uku, kwana bakwai, kwana goma, kukansu sai ƙaruwa yake. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, Alhaji bai ce mini tashi ba, bai kuma ce zauna ba.

Dije ta sauka lafiya, aka sami mace. Washegari da hantsi uwargidan Alhaji da kanta ta yi sallama da kwano a rufe. Farfesun 'yan shila ne guda huɗu, na farko da suka rayu a ɗakin nan. Ta ce Alhaji ya ce a ba mai jego. Ban-haƙurin da na samu ke nan, bai taɓa furta shi da baki ba har ya bar duniya. Dije ta ci tana hawaye. Ni kuwa na kasa ci.

Shi Malam Sule, daga ranar unguwa ta laƙaba masa Mai Gashin Shila. Aikin walda ya ja baya na wajen shekara guda. Na taɓa yi masa godiya, ya ce in rabu da shi, ƙarfe ya gyara ba ni ba. Haka muka zama aminai har ciwon ƙirji ya ɗauke shi.

Yau masaƙarsa a rufe take, ciyawa ta cinye ƙofar. Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga gidajen da ake ginawa yanzu, kwano a kan bulo, taga ɗaya kamar ta kurkuku, yara suna kwana a ciki. Na san tsaki zai yi ya nemi abin hudawa. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai yi da zargin zamanin nan, wanda kafin mutum ya hau matakala ya riga ya zaga gari a waya.

Bai bar gida ba, bai bar ɗa namiji ba, ɗakin tattabarun ma 'yan gwangwan sun saye shi tuni. Amma 'yar da aka haifa a ɗakin da aka so a kore mu, yau tana da jikoki. Ina da tattabaru a gidana, kuma bara da shila biyu suka mutu, ƙaramar surukata ta fara raɗa cewa ita fa ba ta yarda da sabuwar maƙwabciyarmu ba. Ban yi mata faɗa ba. Na jira rana ta take, na kawo tsani na jingina, na ce ta hau ta sa hannunta.

Allah ya jiƙan Malam Sule, ya sanyaya masa makwanci.