Tutar da Shef Ya Bari a Bakin Layin Dogo

A Arlit na girma, a unguwar Bukoki, inda ba a taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Motocin da ke kwasar ma'aikatan ma'adini muka sani, da kamiyo, manyan motocin kaya masu zuwa daga Tawa. Amma tun ban iya ɗaura zariyar wando ba na san yadda ake gyaran layin dogo, kuma a bakin Kaka na koya, mahaifiyar babana.

Tsohuwa ce mai abin mamaki. Duk Bukoki babu wadda ta kai ta iya fura, amma ba ta sayarwa. Kowace Juma'a takan dama babbar ƙwarya, ta kai bakin hanya inda direbobi ke hutawa, ta ba su kyauta. In maƙwabta suka ce ta kafa sana'a, sai ta ce hannunta ba na ciniki ba ne.

Da an yi isha'i sanyin hamada ya sauko, sai ta hura ƴan itatuwa a tsakar gida mu kewaye ta. Tana da tatsuniyoyin su gizo da ƙoƙi kamar kowace tsohuwa, amma ni ba su nake so ba.

"Kaka, ta jirgi!"

"Kai angona, ba ka gajiya? Miji sai naci, ko goro ba ya kawowa."

Takan yi ta kauce-kauce, ni kuwa in kafe har da hawaye. Daga ƙarshe ta gyara mayafi, ta ce mu matso, ga ta nan ta iso.

A zamanin Nasara, in ji ta, can ƙasar Dahome, akwai wani saurayi ɗan ƙasarmu da aka kwasa aikin dole, ya zauna har ya zama shef na masu gyaran layi. Aikinsu su ɗaga ƙarfe, su canza gumaguman katakon ƙarƙashinsa da suka lalace, su cusa sabuwar tsakuwa a ƙarƙashi. To sabuwar tsakuwa ba ta da amana, sai jirage sun yi ta bi ta kanta sun danne ta kafin ta zauna. Saboda haka in an gama gyara, shef yakan kafa tuta ruwan ɗorawa can nesa da wurin, don direba ya sami filin rage gudu. Kwanakin farko jirgi tafiyar mai ƙafa yake yi. Shef ya tsuguna ya duba ko ƙarfen na lotsawa idan jirgi ya hau. In ya ga ya daina, sai a yarda direba ya ƙara kaɗan, kamar sassarfar jaki. Sai ranar da ya gamsu sarai yake cire tutar. Lokacin bazara ma ya fi jan rai, don rana kan lanƙwasa ƙarfen da bai zauna ba.

Akwai wata yarinya mai tallar fura a zangon da ke kusa. Jirgi ba ya tsayawa a ƙauyensu, amma tun da aka kafa tuta sai take bin tagogi da ƙwaryarta, kafin ya wuce ta sayar da komai. Babban mai cinikinta shi ne Sabi, mai zuba itace a wutar jirgi, wanda kan miƙo kwanonsa yana cewa ta cika, zafi zai kashe shi. Shef kuwa tun da ya ga yarinyar ya rasa sukuni. Da tsakuwa ta zauna ya zo cire tuta, sai ta tare shi.

"Haba shef, ka bar mana ita ko zuwa ranar kasuwa."

Ya bari. Kasuwa ta zagayo, ta sake roƙo, ya sake bari.

Nan muke fashewa da dariya, don Kaka takan kwaikwayi yadda shef ke sosa ƙeya. Amma direbobi ba yara ba ne, sun ji a jikin jirgi cewa layin ya zauna tuntuni. Suka fara cewa tutar shef ta soyayya ce, suka daina kula ta. Da damina ta zo ruwa ya ci gefen layi gaba kaɗan da ƙauyen. Aka yi sabon gyara, shef ya kafa tuta ta gaske kusan a wuri ɗaya da ta da. Direba ya hango ta, bai taɓa birki ba. Kan jirgin ya sauka daga layi ya kife. Direba ya tsira da karaya. Sabi bai fito ba.

"Sai me, Kaka? Shef ya aure ta?"

"Ya aure ta," takan ce a hankali. "Wuta ta mutu, ku tashi ku kwanta."

Mu dai auren muke jira, mu yi tafi mu watse. Ita kuwa takan daɗe zaune tana tona toka da tsinke, ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Na riga na zama direban kamiyo lokacin da ta rasu. Juma'ar farko bayan an kai ta, na ji babana yana tambayar matata ko za ta iya dama fura mai yawa.

"Baba, ta wa?"

"Sadakar Sabi mana. Kakanka ya yi ta har ya koma ga Allah, ita kuma ta ɗora. Ba ta faɗa maka ba?"

Ta faɗa mini, sau ba adadi. Ni ne nake tafi.

Yanzu a hanyar Tawa, duk inda na ga masu gyara sun ajiye tsohuwar ganga da jan ƙyalle, nakan rage gudu ko da na san an gama aikin tun bara, na baya su yi ta danna mini oda. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ke cin raina shi ne dararen nan da na yi ta tilasta wa tsohuwa ta sake kifar da jirgin da bakinta don in yi dariya. Har yau ban san ko Sabi ya bar ƴaƴa ba. Ita ta sani, kuma da na tambaya da ta faɗa. Ni kuwa auren kawai nake tambaya.