Asabe, Wadda Ta Hana Gonata Shiga Tukunyar Miya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata ina zaune a zaure ina sauraron rediyo, sai wayata ta yi ƙara. Nasiru ne, babban ɗan Malama Asabe. Bai tambayi gajiya ba, bai tambayi iyali ba, nan take gabana ya faɗi, domin yaron ba mai taƙaita gaisuwa ba ne. Ya ce, "Kawu, sai haƙuri. Umma ta cika." Na yi salati, na lallaba na shiga ciki na gaya wa matata Ladidi. Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki ta yi kuka mai isarta, can ta share ido da gefen zane ta ce, "To yanzu wa zai riƙa zuwa gidan nan yana ci maka mutunci?" Sai ga mu muna dariya, hawaye na zuba. Na san da Asabe na nan, da haka za ta fi so.

Ga wanda bai san mu ba, mahaifiyar Asabe ƙanwar mahaifina ce, wato mu taubasai ne. Tun muna yara kowa ke cewa shi ne ubangidan wani, har furfura ta cim mana ba a raba gardamar ba. Ta koyar a firamare nan Wudil har ta yi ritaya. Yau idan ka tsaya a bakin gada ka tare mutum goma, da wuya ka rasa wanda ta koya wa baƙi da wasali. Ba ta da tsawa. Yaron da ya zo makaranta ido ya faɗa, ba ta tambayarsa ko ya karya, sai ta aike shi ya ɗauko mata jaka, a cikin jakar kuwa kullum akwai gyaɗa ko rogo, ta ce ya rage mata nauyi. Takan ce, "Ciki ne ke riƙe da kunne." Wasu za su ba da labarin wannan fiye da ni. Ni abin da zan faɗa shi ne yadda ta hana ni sayar da gonar ubana.

Ni tela ne. Da allura na yi aure, da ita na aurar. Da yana ta fara rufe mini ido, aiki ya ja baya, masu kawo ɗinki suka koma wajen yara masu sabon keke, ban kuma ga laifinsu ba. A daidai lokacin ne kaya suka yi tashin gwauron zabo. Hatsi muna samu daga gonar gado da ke Kausani, wadda ɗana Habibu ke nomawa, amma cefane ya zame mini ƙarfen ƙafa. Kowace safiya sai an miƙo hannu: ƙullin gishiri, ƙullin mai, ƙullin barkono, tsibin tumatir. Ranar da babu, sai dai in ji gidan shiru, ba ƙarar turmi. Wani ɗan kasuwa ya daɗe yana zawarcin gonar nan ta bakin dillali. Cikin rani na aika masa cewa ya zo mu yi magana.

Ban san wanda ya kai wa Asabe labari ba, ko da yake ina zargin wadda muke kwana ɗaki ɗaya da ita. Sai ga ta da sallama, ko zama ba ta yi ba.

"Bawana, an ce za ka jefa gonar Kawu a tukunya."

"Wa ya ce? Jari zan yi."

"Jarin me? Na kuka da daddawa? Ɗanjuma, a gonar nan uwata ta yi rarrafe. In ka sayar, kafin shekara ta zagayo kuɗin sun bi miya, ka tashi ba tsuntsu ba tarko. Ba samu ne ya yi maka kaɗan ba, cefane ne ba ka iya ba."

Na ce mata tun ba ta san hanyar kasuwa ba nake cefane. Ta ce ai jaki ma ya daɗe yana zuwa kasuwa. Daga ƙarshe ta nemi abu biyu: in dakatar da mai saye har bayan kaka, in kuma bar ta ta raka ni kasuwa. In kaka ta wuce ban ga sauƙi ba, ita da kanta za ta zo shaidar ciniki. Na yarda, don na san in ban yarda ba sai ta kwana a zauren.

Kowa ya san kasuwarmu ranar Juma'a take ci. Al'adata kuwa, in an sauko daga masallaci sai in zarce kasuwa kai tsaye, da babbar rigata wadda na zauna na yi wa aiki da hannuna, ga hula ta sha kari, ga turare. Haka na iske ta tana jirana a ƙofar gidanta da tsohon mayafi da kwandonta.

"Ɗaurin auren wa aka gayyace ka?"

"Daga masallaci nake."

"Allah ya karɓa. Koma ka tuɓe. Ka shiga kasuwa da wannan aikin a wuya, mai tumatir zai kira ka Alhaji, kuma Alhajin nan kai za ka biya kuɗinsa. Ka sa rigar da kake zama da ita a zaure. Ka ci abinci kuwa?"

Na ce in mun je na sayi ƙosai.

"Ka ji ba! Mai yunwa ba ya cefane, ɓarna yake yi. Je ka ci tuwon Ladidi, sai la'asar ta yi za mu tafi."

Da la'asar sakaliya muka shiga. Ba ta tsaya a rumfunan bakin hanya ba, ta ja ni har can inda manoman Achika da Ɗankaza ke sauke kwandunansu. Rana ta yi sanyi, kowa hankalinsa ya koma gida, ba mai son ya sake ɗaukar tumatir ya koma da shi. Sai da muka zaga layin kaf ba ta taya komai ba, tana gaisawa, tana tambayar ruwa da iyali, tana jin farashi. Ni kuwa a da wajen mutum ɗaya nake saye, don tare muke sahu a masallaci, ina jin kunyar in wuce shi. Ta ce, "Ka gaishe shi, gaisuwa kyauta ce. Kunya ce mai tsada."

Ta tsaya gaban wani dattijo mai kwandon tumatir, ta taya. Ya ce, "Albarka." Ta ƙara kaɗan. Ya ce, "Haba Malama, albarka dai." Ta yi kamar za ta wuce, ya ce ta kawo. Ganin ya sallama da wuri, sai na matsa na raɗa mata cewa da mun ƙara ja da ya sauko ƙasa da haka. Ta harare ni. "Daga koyo sai zalunci? Shi ma daga nan cefane zai yi. Taya ake yi, ba ƙwara ba." Ta nemi gyara, ya zuba mata attaruhu cike da hannu, suka rabu da addu'a. Wajen masu awo kuma ta zaro kwanonta daga kwando, ta ce da shi za a auna mata. Ba ta zargi kowa ba, cewa ta yi kwanon ne ya saba da ita.

Wannan kwandon tumatir shi ya fara sauya gidana. Washegari ta zo ta zaunar da ni da Ladidi muka yayyanka, aka shanya a tabarma, ya bushe ya zama kauɗa. Haka aka yi da tattasai da kuɓewa. Ta sa aka dasa zogale a bayan madafa inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa, aka watsa irin rama da yakuwa a gefen katanga. Ta hana ƙulle-ƙullen safiya. Ta ce duk ƙullin leda da ka saya, ka biya kuɗin leda, ka biya ladan mai ƙullawa, abin da ke ciki kuwa ko miyar rana bai kai ba.

Na ce to wa ke da kuɗin buhu? Ashe nan take jirana. Ta ce yadda ake watandar sa da salla, a haɗa kuɗi a yanka a raba, me zai hana a yi watandar shinkafa da mai? Ta bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya, har da gidan wani malamin jami'a da ke haya kusa da mu, wanda matarsa ta fi kowa murna. Aka riƙa haɗa abin da ya sawwaƙa, a sayo buhu da jarkar mai da buhun albasa a farashin sari, a baje a tsakar gidanta. Shinkafa da mai awo ne, ba gardama. Albasa da kifi kuwa sai an kasa tsibi-tsibi, wani ya juya baya, a nuna tsibi a ce na wa, ya ambaci suna. Ranar farko ana neman mai juya baya, sai ta ce, "Ku ba Ɗanjuma. Shi ba sai ya juya ba, Allah ya riga ya hutar da shi." Matan nan suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Tun daga ranar ni ne mai kiran suna, kuma ban taɓa jin daɗin raunin idona ba sai a tsakar gidan nan.

Ba a rasa tuntuɓe ba. Wata Juma'a ƙafa ta hana ta fita, na tafi ni kaɗai ina jin na ƙware. Na sami wani ƙaton kwando da arha, na sa aka turo mini shi a baro ina tafe ina taƙama. Da aka juye, saman ne kawai tumatir, ƙasan ya zama ruwa. Aka kai mata labari har gado. Ta aiko a gaya mini, "Ka gai da mai arha. Abin da aka zubar shi ya fi komai tsada a kasuwa. Gobe ka sa hannu har gindin kwando, tunda ido ya ƙi."

Da damina ta sauka tumatir ya yi wuyar gani, masu saye suna ta salati a bakin tire. Mu kuwa sai Ladidi ta ɗebo kauɗa ta jiƙa, ta tsinko zogale, ƙarar turmi ta dawo gidana safe da yamma. Da kaka ta yi, Habibu ya kawo gero da dawa, na tashi zan kai rabi kasuwa kamar yadda na saba kowace shekara. Asabe ta zo ta zauna a kan buhun.

"Ka sayar yanzu da kowa ke sayarwa, ka dawo ka saya da bazara da kowa ke nema? Wannan dabarar a wace makaranta aka koya maka ita, in je in rufe ta?"

"Tashi mini daga kan hatsi, baiwar gidanmu."

"Sai dai ka sayar har da ni, kuma ba mai iya kuɗina."

Hatsin bai fita ba. Bayan an gama girbi sai ga ɗan kasuwan nan da dillalinsa, kamar yadda aka yi alkawari. Na shimfiɗa musu tabarma, aka kawo fura, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ya faɗi abin da zai bayar, ya ƙara a kan na da. Ba zan ɓoye ba, kuɗin sun yi mini kyau a kunne. Ina jin Ladidi na daka a ciki, ƙamshin daddawa na shigowa zaure. Na duba na ga shekara ta kusa zagayowa ban ci bashin kowa ba, ba a kuma kwana da yunwa ba. Sai na ce masa, "Alhaji, albarka." Dillali ya ce in sake tunani. Na ce na sake, albarka dai. Da na je na gaya wa Asabe, ba ta yabe ni ba, don ba ta saba ba. Ta juya kai gefe ta goge ido, ta ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a hura ba a gidan.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Zuwana na ƙarshe na tafi mata da lemo da ayaba. Ta dubi ledar, murya can ƙasa, ta ce, "A bakin asibiti ka saya ko?" Na ce e. Ta ce, "Allah ya shirye ka, Ɗanjuma. Duk wahalata ta tashi a banza." Muka yi dariya, ta nemi in yafe mata tsokanar shekaru, na ce ni ne da neman yafiya. Ta ce to ta yafe, amma dai ita ce uwargijiya. Na bar mata, karo na farko.

An yi mata sutura bayan azahar, jama'a har bakin titi: ɗalibanta, matan layinmu, da manoman da suka ji labari suka baro ƙauye. Kunun da aka dama wa masu zaman makoki da geron Kausani aka yi shi. Nasiru ya so ya hana ni kawowa, na ce masa ba nawa na kawo ba, nata ne na mayar. Gonar tana nan, bana ma Habibu ya shuka ta, jikokina sun san hanyarta.

Ya Allah, ga baiwarka Asabe ta zo gare ka. Ka jiƙanta, ka gafarta mata, ka yalwata makwancinta, ka sanya haske a cikinsa. Yadda ta rufa asirin gidaje ba tare da ta kunyata kowa ba, ka rufa mata asiri ranar tsayuwa. Ka sa yaran da ta koyar da cikunan da ta ciyar su zame mata nauyi a mizani. Ka ba Nasiru da ƙannensa haƙurin rashinta, ka haɗa kansu, ka yi wa zuriyarta albarka, kada tukunyar gidansu ta taɓa yin sanyi. Mu da muka saura, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani, ka sada mu da ita a Aljanna Firdausi. Amin summa amin.